Zaizaya ko raraka? Neman sunan ramin da ruwa ke yi a ƙafar gada

'Yan uwa ma'abota harshe, ina fassara wani rubutu kan kogunan ƙasashen sanyi, sai kalmar Ingilishi "scour" ta tare ni. Injiniyoyi na nufin ramin da ruwa ke haƙawa a ƙasan kogi, daidai inda ginshiƙin gada ko bakin madatsar ruwa ya tsaya.

Da farko na rubuta zaizaya, na goge. Zaizaya a ido ake ganinta, kwazazzabo na cin bakin hanya kowa na kallo. Wannan kuwa sama lafiya lau, ƙasa kogo. Haka gadar Schoharie da ke jihar New York ta rufta a Afrilun 1987, mutum 10 suka rasu, ambaliya ta cinye ƙarƙashin ginshiƙi ba wanda ya gani.

Abin kan ƙara muni a wurare masu sanyi irin su Kanada da Siberiya. Kogi na daskarewa, ƙanƙara ta zama masa murfi. Cikin murfin nan kaushi gare shi, yana riƙe ruwan sama, sai ƙarfin gudun ya sauka kusa da yashi, ramin ya fi na lokacin da kogin ke buɗe zurfi. Da sanyi ya fara janyewa kuma, manyan ɓarɓashin ƙanƙara su taru su toshe hanya, ruwa ya matse ta 'yar kafa a ƙarƙashi yana kwashe ƙasa, saura ya haura gaɓa. Irin toshewar nan ce a kogin Lena ta nutsar da garin Lensk da ke Siberiya a Mayun 2001. Fassara sunan wannan toshewar ba ta ba ni wahala ba: cunkoson ƙanƙara, kamar cunkoson motoci.

Wani malamina ya ce in sa yasa, kamar yasar rijiya. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma yasa gyara ce, mai rijiya ke biyan kuɗinta. Ƙwaƙula kuma ta yi ƙanƙanta, aikin yatsa ne a tukunya.

Ni dai na tsaya a raraka. Gara ta rarake azara, ɗaki na tsaye, ranar da aka yi ruwa ya zauna. Don haka na rubuta rarakar ƙasan kogi, a kusa da gini kuma rarakar ƙafar gada. Gindin gada na so in ce, sai na tuna 'yan aji za su karanta.

Mutanen Damagaram da Sakkwato, ku ma raraka kuke cewa?