Girkin Ayalan ba tare da nama ba

Wasu masu girki sun tattauna yadda za a yi abincin ƙasar Ayalan ba tare da nama ba. Abin da suka fi haɗuwa a kai shi ne, rabin aikin an riga an gama, domin abincin Ayalan da yawa dankalin turawa ne. Colcannon, wato dankalin da aka dama da kabeji da madara da bota, babu nama a cikinsa tun asali. Haka champ, wanda ake zuba wa lawashi, da boxty, wainar dankali.

Gardamar tana kan farfesun Irish stew, wanda naman rago ne ginshiƙinsa. Wasu suka ce a sa laimar kwaɗi a madadin naman, amma a soya ta sai ta yi duhu kafin a zuba ruwa, in ba haka ba romon zai yi lami. Wasu suka fi son sha'ir da adas, wani irin ƙananan wake, don kauri. A ganina haɗa su ya fi. Karas da albasa kuma a yanka manya-manya, kada su narke. Masu zuba giyar Guinness sun yi ta yabonta, waɗanda ba sa sha suka ce ɗan tumatirin gwangwani da aka soya sosai ya wadatar.

Coddle, farfesun birnin Dubulin mai tsiren alade, kusan kowa ya ce a haƙura da shi.