Dan Allah yaya zan riƙa shiga sabar da na haɗa a gida in ba na nan?

Sabon_Shiga:
Salam 'yan uwa. Ina da wata tsohuwar laftof da sikirin ɗinta ya fashe, sai na sa mata Ubuntu Server da Nginx (manhajar da ke nuna shafin yanar gizo) na ɗora ɗan shafina a kai, tana nan ƙarƙashin tebur kusa da rauta. Da can duk abin da zan gyara sai na durƙusa na jona mata monita da kibod, shekaranjiya dai na koyi SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa ka ba ta umarni, daga ɗaki na buga 192.168.1.50 ta shiga lafiya lau, to amma jiya da na gwada daga kwamfutar wajen aiki sai ta tsaya cak, daga baya ta ce lokaci ya ƙare. Me na ɓata? Dan Allah a taimaka.

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanina, ba abin da ka ɓata. Wannan lambar mai farawa da 192.168 ta cikin gida ce kawai, rautarka ce ta raba ta, duk wanda ke waje bai san da ita ba. Abin da aka saba yi shi ne ka shiga setin rauta ka ce mata duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 22 (wadda SSH ke amfani da ita) daga waje ta miƙa shi ga laftof ɗin, sannan ka kafe wa laftof ɗin lamba ɗaya kar ta riƙa canzawa. Ita ma lambar waje da kamfanin intanet ke ba ka tana canzawa, shi ya sa ake amfani da DuckDNS ko No-IP su ba ka suna ɗaya da zai riƙa bin ta.

Amma kafin ka wahalar da kanka duba abu ɗaya. Kalli lambar WAN, wato lambar wajen, a shafin rauta, in tana tsakanin 100.64 da 100.127 to kana bayan CGNAT, wato ku da yawa ne kuke raba lamba ɗaya, ko ka buɗe ƙofa ɗari ba wanda zai iso ka.

Umman_Kod:
Ni dai roƙona kar ka buɗe 22 ga duniya kana shiga da kalmar sirri. Ranar da na fara buɗe tawa da safe na leƙa /var/log/auth.log, fayil ɗin da ke rubuta duk yunƙurin shiga, wlh sai da gabana ya faɗi, layi bayan layi ana gwada root, admin, test, duk injina ne ke yawo dare da rana suna taɓa ƙofofin mutane. Yi makullin shiga a madadin kalmar sirri da ssh-keygen -t ed25519, ka tura shi da ssh-copy-id, in ka tabbatar yana shiga sai ka je /etc/ssh/sshd_config ka mai da PasswordAuthentication zuwa no, haka ma PermitRootLogin. Ka ƙara da fail2ban, mai toshe duk wanda ya yi ta gwada shiga yana kuskure.

Kuma dan Allah duk sanda kake taɓa wannan fayil ɗin kar ka rufe tagar da kake ciki, buɗe wata ka gwada tukuna. Na taɓa kunna ufw, katangar da ke tsare ƙofofin sabar, daga nesa ban fara ba SSH hanya ba, ina fita kuwa ƙofa ta rufe, kwana huɗu ban iya taɓa komai ba sai da na dawo gida. Fara da ufw allow OpenSSH sannan ufw enable.

Sabon_Shiga:
Yaya na duba, da 100.72 ta fara. Kenan ba dama?

Tsohon_Hannu:
Akwai dama mana, ni a ganina ma gara haka. Sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya, a sabar da kuma kwamfutar da za ka riƙa shiga da ita, a kan fasahar VPN ta WireGuard aka gina shi, su biyun kowacce ita ke fita ta nemi 'yar uwarta saboda haka ba ruwanka da buɗe ƙofa a rauta, SSH ɗinka ma ba wanda zai gan shi sai kai. In kwamfutar ofis ce ka nemi izini kafin ka sa mata komai, ko ka yi da taka. Wannan na shigarka ne fa kai kaɗai, in kana so jama'a su ga shafin sai ka duba Cloudflare Tunnel, wanda ke fitar da shafi ga duniya ba tare da buɗe ƙofa a rauta ba. In kuma baƙar tagar nan ta buga umarni ta gajiyar da kai akwai Cockpit, shafin kula da sabar, a burauza yake buɗewa ta 9090.

Tunda laftof ce, je /etc/systemd/logind.conf ka sa HandleLidSwitch=ignore, in ba haka ba ranar da wani ya rufe murfin tana yin barci shikenan, kai kana can kana zargin netwok.

Sabon_Shiga:
Alhamdulillah ya yi! Na kashe wifi na jona ta datar waya don in gwada kamar ina waje, ta shiga nan take. Nagode Yaya, nagode Umma, Allah ya ƙara basira. Makullin ne ya rage, da daddare zan zauna a kai taga biyu a buɗe.