Wai me za mu kira podcast da Hausa ne?

Jama'a masana Hausa ku matso kusa. Ana ta tura wa iyaye sunayen podcast na yara a guruf guruf, amma in ka ce wa Hajiya ta kunna wa jikokinta podcast sai ta tsaya tana kallonka, to ya kamata dai mu raɗa wa abin nan suna.

Su kansu Turawan haɗa kalmar suka yi, wani ɗan jarida Ben Hammersley ne ya fara rubuta ta a jaridar Guardian a 2004, daga iPod (ƴar na'urar sauraron waƙa) da broadcast (watsa shiri). iPod ɗin ma Apple sun daina yin sa tun 2022, don haka ba sai mun wahalar da kanmu da fassara kalma da kalma ba.

Wani ya ce shirin murya. To ai labaran BBC Hausa ma shirin murya ne tun 1957, ina bambancin? Wata ta ce odiyo, shi kuma odiyo har saƙon da ƙanwarka ta turo a WhatsApp tana cigiyar anko odiyo ne. Rediyon aljihu ya min daɗi a baki gaskiya, matsalar dai Baba na da ƙaramar rediyonsa mai batir a aljihu tun kafin a haife mu.

Abin da ya raba podcast da rediyo shi ne ba ka jiran lokaci, kashi kashi ake sakinsa, ka sauke a waya in kana da data ka saurara sanda ka ga dama, ka tsayar ka koma baya. Kamar Circle Round na tashar WBUR a Boston da suke ɗauko tatsuniyoyin ƙasashe daban daban, ko But Why da yara ne ke turo tambaya da muryarsu a nemo masani ya amsa, duka da Turanci ne amma, uwa za ta iya kunna wa yaro bayan isha ko a mota hanyar makaranta.

Shi ya sa ni na tsaya a kan REDIYON GANIN DAMA. Na san ya yi tsawo kuma na san halinmu, ƙarshe fodkas za a riƙa cewa, yadda muka yi da fensir da famfo da fasinja. Ba laifi, a rubuta fodkas ɗin, in ana yi wa manya bayani a ce rediyon ganin dama.

Saura jam'i, fodkas-fodkas ne ko fodkasai? Malaman Hausa na BUK ku raba mana gardama don Allah.