Kumburin kitsen hanji: abinci ne ke jawo shi?

Maman Ilham (Kurna): Slm jama'a. Dan Allah wa ya san ciwon nan, Babanmu ne wata hudu yana fama da ciwon ciki da kumburi, duk ya rame, muna ta maganin ulsa shiru, sai da aka yi mai hoton siti sikan likita ya ce kitsen da ke rike da hanji ne ya kumbura, wai mesentarik fanikulaitis. Shi kuma Baba kullum da daddare sai ya ci balangu, tuwo ma sai an malala mai man shanu. Yanzu Hajiya ta hana shi komai sai kunu. Naman ne ya jawo?

Dan Fagge: Ai ba ko tantama kitse ne da maggi. A nema mai tazargade.

Sista Bilki: Haba Dan Fagge. Maman Ilham kin ga in an yanka rago, wannan tantanin mai kitse da hanji ke manne a jiki kamar labule? To shi ne. Don kitse ne ya kumbura ba ya nufin kitsen da aka ci ne ya je ya taru a wurin, har yau ba a tabbatar da wani abinci da ke kawo shi ba. Abin da aka fi alakanta shi da shi shi ne tsohuwar tiyatar ciki, ko buguwa, ko garkuwar jiki ta juya tana fada da jikin, kuma ya fi kama maza da suka haura 50. Amma maiko da cika ciki suna tayar da ciwon kam, a rage, ya dinga ci kadan-kadan kamar sau 5 a rana. Kunu zalla kuwa wlh kara ramar da shi zai yi, a ba shi kifi, kwai, alale, farfesun kaza da aka kwashe man.

Maman Ilham: An taba yi mai aikin gwaiwa fa, da dadewa. Yanzu maganin firednisolon yake sha.

Abu Sadik: To nan ne abinci ya shigo yaya, maganin nan yana daga suga da hawan jini, a janye lemon kwalba da shayi mai sikari, a rage gishiri, kuma kar ya yanke maganin lokaci daya don ya ji sauki. Sannan ku tambayi likitan ko an duba tarin fuka na ciki da kansar limfoma, a hoto suna iya kama da shi, mu nan kuma tarin fuka ba bakonmu ba ne. In ya fara amai ba ya bayan gida kar ku jira ranar kilinik.

Maman Ilham: Na gode. Bari in kira Hajiya kafin ta dama kunun dare.