Rigimar masu sauya jinsi a wasannin mata: kare 'yan mata ake yi ko neman ƙuri'a?

Baban Amira: Salam jama'a. Koci Hauwa naga hoton da kika turo jiya, na Trump ranar 5 ga Fabrairu 2025 yana sa hannu a kan umarnin hana masu sauya jinsi shiga wasannin mata, ga yara mata sun kewaye shi, kika rubuta a ƙasa "wannan kam ya kyauta". To ni maganata ɗaya ce kuma ina kanta, wannan rigimar a Amurka jarin siyasa ce, ba don Allah ake yinta ba kuma ba don yaran ba. Shekarata goma sha ɗaya a ƙasar nan, lokacin zaɓen 2024 ba ka isa ka kunna talabijin ranar Lahadi ka kalli ƙwallonsu ba sai an sako maka tallar nan da ake rufewa da cewa Kamala tana tare da masu sauya jinsi shi kuma Trump yana tare da kai, safe da yamma ita ce, alhali a Disamban shekarar shugaban NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'insu, Charlie Baker, ya zauna gaban sanatoci yace cikin 'yan wasa dubu 510 waɗanda ya sani masu sauya jinsi basu kai goma ba. Kuma shi Baker ɗin ɗan Rifablikan ne, tsohon gwamnan Massachusetts. Mutum ƙasa da goma ake kashe wa wannan uban kuɗin talla?

Koci Hauwa: Wa alaikumus salam Yaya. Ban ce babu siyasa a ciki ba, amma kar ka ɗauki lissafin nan ka rufe mana baki da shi. Ni na yi gudun mita 400 tun ina sakandare, yanzu shekara tara ina horar da yara mata, nasan abinda balaga take yi wa jikin namiji. Yaron da muke gudu kafaɗa da kafaɗa da shi a aji ɗaya, muna zuwa aji huɗu ko ƙurarsa bana gani. A manyan masu gudu na duniya tazarar maza da mata tana kai kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, tsawo, faɗin ƙirji, girman zuciya da huhu, ƙashi, duk wannan shan magani na shekara ɗaya ko biyu baya goge shi gaba ɗaya. Kace basu kai goma ba, to wasan ƙarshe layi takwas ne kawai, lambar yabo uku ce, mutum ɗaya ya isa ya tura wata gida. Lia Thomas kaka uku aka yi ana ninƙaya da ita a ƙungiyar maza ta jami'ar Pennsylvania, aka dawo ɓangaren mata, Maris 2022 sai ga kofin yadi 500 na ƙasa baki ɗaya a hannunta. Wadda ta zo ta biyu ranar me za ka ce mata, kace ai mutum ɗaya ce?

Koci Hauwa: Sannan hukumar ninƙaya ta duniya ta sa dokarta a Yunin 2022, ta guje-guje ta bi baya a Maris 2023, duk sunce wanda ya balaga a matsayin namiji bazai shiga ajin mata ba. Sebastian Coe da ya jagoranci hukumar guje-gujen wajen sa dokar, ƙuri'ar wa yake nema a Amurka? Bature ne ɗan Ingila.

Baban Amira: Yauwa ƙanwata, kin kawo ni inda nake so. Hukumomin wasa sun zauna da likitoci sun yanke hukunci a kan manyan gasa, ni ban da ja a nan. To me ya kawo 'yan majalisar jihohi cikin wasan yaran makaranta? Idaho ta fara kafa dokar tun Maris 2020, lokacin ko sunan Lia Thomas ba wanda ya sani, daga nan jihohi suka yi ta kwafa har suka haura ashirin. Ki duba Utah, gwamnansu Spencer Cox ɗan Rifablikan ne fa, a 2022 ya hau kujerar na ƙi, ya rubuta wa majalisa cewa yara kusan dubu 75 ne ke wasa a sakandaren jihar, masu sauya jinsi huɗu ne, kuma ɗaya ce tak a wasan mata. Majalisar tasu ta haɗa rinjaye ta tsallake shi cikin 'yan kwanaki. Ɗaya tak. In ba zaɓen fidda gwani ne ke gabansu ba me zai sa a yi wa yaro ɗaya wannan taron dangin.

Zainab: Baba ni ɗaliba ce ina koyo ne, amma akwai abinda ya tsaya min. In siyasa ce zalla ya akayi mutane suka karɓa haka? Binciken Gallup na 2023 ya nuna kashi 69 na Amurkawa suna ganin kowa ya yi wasa a jinsin da aka haife shi, kuma ai ba duk 'yan Trump bane wannan adadin. Ni a ganina ɗan siyasa baya haƙa rijiya inda babu damshi, abin yana ran iyaye ne shi yasa tallar ta ci. Kuma su ma 'yan Dimokrat ai sun yi tasu siyasar da shi, shekaru aka yi duk wanda ya yi tambaya sai a ce mai ƙiyayya ne. Martina Navratilova, tsohuwar zakarar wasan tanis da ta gama rayuwarta tana kare 'yan wannan ɓangaren, tana faɗin ra'ayinta a 2019 cewa shigarsu wasan mata ba adalci bane wata ƙungiyarsu ta raba gari da ita. Sai da suka sha kaye sannan Gavin Newsom gwamnan California ya fito a Maris 2025 yana cewa abin babu adalci. Da yana ina? Shi ma 2028 yake hange.

Baban Amira: Wannan gaskiya ce 'yata, ban wanke kowa ba. Ɓangare ɗaya ya ga nama ya kama, ɗayan ya ƙi buɗe baki don kar masu ba shi kuɗin kamfe su yi fushi. Amma ki lura da yadda ake amfani da makamin. A Fabrairun 2025 Trump ya yi cacar baki da gwamnar Maine Janet Mills a fadar White House kan wannan batun, tace masa mu haɗu a kotu, bayan nan ma'aikatar noma ta riƙe wasu kuɗaɗen jihar da suka shafi shirin ciyar da yara, sai da alƙali ya sa baki aka saki. Wai kana kare yara mata sai ka taɓa kuɗin abincin yara? Jami'ar Pennsylvania ma dala miliyan 175 aka riƙe mata kan gasar da aka yi shekara uku baya, har sai da ta saduda a Yulin 2025.

Issoufou Maraɗi: Ku yi haƙuri in shigo, tun ɗazu Amurka kuke ta yi, ni kuma abinda ke ci min rai shine wa wutar take ƙonawa in ta tsallako teku. Mu a Nijar muna da Aminatou Seyni, mace aka haife ta, mace ta tashi, bata sauya komai ba, Allah ne ya yi jikinta da yawan sinadarin testosteron. Mita 400 ne gudunta, aka ce ko ta sha magani ta rage ko ta bar shi, ta koma mita 200 kuma a gasar duniya ta 2022 a Eugene ta zo ta huɗu, ƙiris ya rage ta kawo mana lamba, 2023 aka faɗaɗa dokar ta haɗa duk tsere. Haka Caster Semenya ta Afirka ta Kudu, haka Christine Mboma da Beatrice Masilingi 'yan Namibiya da aka cire daga mita 400 dab da gasar Tokyo, haka Barbra Banda ta Zambiya da bata buga kofin Afirka na 2022 a Maroko ba. Babu mai sauya jinsi ko ɗaya a cikinsu. Amma yau in ka shiga Facebook duk an zuba su a kwando ɗaya, "maza ne suka saci hanya".

Issoufou Maraɗi: Na Imane Khelif kuwa wallahi har yau yana min ciwo. 'Yar Aljeriya, ƙasar da doka bata ma yarda da sauya jinsi ba, ta tashi a ƙauye a yankin Tiaret, ta yi dambe a Tokyo aka doke ta ba wanda yace uffan. A Paris 2024 'yar Italiya Angela Carini ta janye daga damben da suke yi bayan daƙiƙa 46, kafin gari ya waye Trump da Elon Musk sun shiga, firaministar Italiya Meloni ta shiga, saura wata uku zaɓen Amurka, aka maida Khelif hoton kamfe wai namiji ce. Abin takaicin da 'yan uwanmu aka taya yaɗawa.

Malam Bashir: Issoufou ka taɓo inda nake jira. Matsayinmu a addini kan mutum ya sauya halittarsa da gangan sananne ne, ba sai na tsaya a kai ba, kuma ina tare da Koci cewa filin mata na mata ne. Amma mata-maza daban, wannan halitta ce, malaman fiƙihu sun san da ita tun tuni, suna kiranta khunsa har hukuncin gadonta sun tattauna, ba wanda ya ce laifinta ne. To mu da muke da wannan ilimin a gida ya za a yi ɗan siyasar wata ƙasa ya nuna mana 'yar musulmi yace namiji ce mu kama turawa ba bincike? Aya ta 6 a Suratul Hujurat ai kan irin wannan ta sauka. Ni da kaina na tura hoton nan a lokacin, daga baya na goge, na nemi gafarar Allah.

Koci Hauwa: Malam Allah ya saka. Na yarda Khelif bata sauya jinsi ba, wanda ya faɗi haka ya yi mata ƙarya. Amma a faɗi ɗaya gefen, hukumar dambe ta duniya IBA ta cire ta da Lin Yu-ting ta Taiwan a gasar New Delhi 2023 tace sun faɗi gwaji, kwamitin Olamfik kuma yace gwajin ba a kan ƙa'ida aka yi shi ba, ga shi dama su biyun basa ga maciji har an ƙwace wa IBA rajista a shekarar. Rigimar manya ce ta faɗa kan yarinya. Ni shi yasa nake goyon bayan gwajin ƙwayar halitta da hukumar guje-guje ta fara a Satumban 2025, sau ɗaya a rayuwa, a shafo yawu a kumatu a gama, a asirce, kafin mutum ya hau fili. Dambe ba wasan yara bane Malam, naushi ɗaya yana kashe mutum.

Issoufou Maraɗi: Anti ai an taɓa yi. Daga 1968 ake gwada mata a Olamfik har aka daina a 1999. A Atlanta 1996 an gwada mata sama da dubu uku, takwas suka fito da ƙwayar halittar maza, da likitoci suka duba duka takwas ɗin aka barsu suka yi wasa. 'Yar tseren Sifaniya Maria José Martínez-Patiño a 1985 gwajin ya kama ta, labari ya fita jarida, aka kore ta, saurayinta ya gudu, sai 1988 aka dawo mata da haƙƙinta. Kice a asirce, wace hukumar wasa a ƙasashenmu kika sani mai riƙe sirri? Yarinya daga Zinder ko Gusau a ce ta faɗi gwajin mace, ina za ta sa kanta, wa zai aure ta?

Koci Hauwa: To in ba gwaji sai me? Ka kawo min wata hanyar. In babu ƙa'ida a rubuce ai ido za a koma yi wa hukunci da shi, kuma ido ya fi gwaji zalunci.

Baban Amira: Idon ai tuni aka koma masa ƙanwata, kuma siyasar ce ta buɗe ƙofar. A Utah ɗin nan a 2022 iyayen wasu yara biyu da aka kayar suka kai ƙorafi kan yarinyar da ta zo ta ɗaya, hukumar wasannin makarantu ta bi takardunta har zuwa ajin rainon yara ba tare da sanin iyayenta ba, aka tarar mace ce tun haihuwa. Mu ma ba a barmu a baya ba, a 2010 hukumar ƙwallon Najeriya ta kai ƙarar Ikwatoriyal Gini wai akwai maza a cikin 'yan wasanta, ita kuma 'yar wasansu Genoveva Añonma daga baya ta bada labarin yadda aka taɓa sa ta tuɓe a gaban jami'ai. Kuma in da gaske yaran ake so, Larry Nassar likitan 'yan wasan motsa jiki na Amurka ɗaruruwan yara ya lalata kafin a ɗaure shi a 2018, ban taɓa ganin an yi tallar zaɓe a kan yadda za a hana irinsa ba.

Koci Hauwa: Yaya wannan kwatancen ban karɓa ba, don an yi sakaci da wata ɓarna ba shi ke nufin a kyale wata ba. Kuma ban janye ba, wanda ya balaga namiji bana so ya tsaya a layi ɗaya da yarana, ko Trump ya faɗa ko wani ya faɗa. Amma maganar idon nan ta taɓa ni don ta faru a gabana. Bara mun je wata gasar makarantu, akwai yarinyata 'yar shekara 15, doguwa mai faɗin kafaɗa, muryarta da ɗan kauri, a gidansu ita ke ɗebo ruwa ita ke daka. Ta cinye mita 200 da tazara, kawai sai wasu daga cikin 'yan kallo suka fara ihu namiji ne a duba shi, ga wayoyi sun ɗaga suna ɗauka, wani malamin wata makarantar har ya zo yana ce min ai ko a Olamfik an kama irinsu. Mahaifiyarta a gabana ta yi goyonta, unguwarmu ɗaya. Na rufa mata hijabina muka fita ta baya tana kuka, ko lambar bata tsaya karɓa ba.

Zainab: Innalillahi. Anti ta dawo wasan kuwa?

Koci Hauwa: Bata dawo ba. Babanta yace ta gama gudu, bidiyon ya kai har wajen 'yan uwansa. Sau uku ina zuwa gidan. Lambar tana nan a jakata, ranar Asabar zan sake komawa, Malam Bashir in kana gari don Allah ka raka ni, ƙila ya fi jin maganarka.