Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Kawun Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar Zangon Kumasi. Makon jiya mun yi kan tsadar gawayi, wannan makon maganar ta fi nauyi: haƙƙin talaka a ƙasar nan tamu Ghana, wa ke da ƙarfin tsare shi, gwamnati ko ƙungiyoyi? Amsa-amo "ba" ne. Wanda ya karya shi, koko da ƙosan ranar Juma'a na wuyansa. Na buɗe.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Ya ba ni basira, ya ƙaran ilimi,
In tambayi yaro, in tambayi malami,
Mai tsare haƙƙinmu ban gan shi ba.

A 1992 aka tsara wa mulkin ƙasa kundi,
Babi na 5 ya yi zance mai daɗi,
Rai da mutunci da 'yancin faɗi,
Ba a bar ko ɗaya a baya ba.

Rijiya ce cike da ruwa,
Ga mu a baki muna ƙishirwa,
Gugan a huje, igiya na tsinkewa,
Rijiya ta bayar, ba mu sha ba.

Tsohon Akawun Kotu, Asawase:
Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ja kwana.

Kawu, gafara, zan ɗan tanka,
Akwai gyara a cikin zancenka,
Ka leƙa rijiyar da idonka,
Gugan bai gama mutuwa ba.

CHRAJ, hukumar kare haƙƙi, tun 1993 take aiki,
Kai kukanka kyauta, ko da baki,
In ma'aikaci ya danne maka haƙƙi,
Ba za su ce kawo sidi ba.

Awa 48 in an kama ka,
Dole gaban alƙali a kai ka,
Asabar da Lahadi na lissafinka,
Kotun Ƙoli ba ta cire su ba.

Masu jiran shari'a a gidan yari,
An manta wasu shekaru a jeri,
Tun 2007 aka ɓullo da tsari,
Alƙali kan je musu, ba su zo ba.

Zancen Asabar da Lahadin nan a 2019 aka yanke shi, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar. Mu da muka yi aiki a da mun san yadda ake yi: a kama mutum da yammacin Juma'a, a ce kotu ta tashi, sai Litinin in Allah ya kai mu.

Ɗan Pragya na Sawaba:
Baba Akawu, a yi min afuwa, yaro ne ni mai tuƙa pragya, wato keke napep, amma wannan tana ci min rai.

Baba, awannin nan na mai rai ne,
Wanda aka kai caji ofis ne,
Bakwai ɗinmu fa? Ka san ko su wane ne,
Ba su kai gaban alƙali ba.

Yulin 2018, Manso Nkwanta,
'Yan sanda suka buɗe wuta,
Wai 'yan fashi ne, haka aka rubuta,
Zango ta ce ba ta yarda ba.

Asawase muka fito muka yi bore,
Taya na ci, hanya a tare,
Kwamiti ya zauna ya warware,
Shaidar fashi bai gani ba.

'Yan sanda 21 aka dakatar,
Sidi dubu 250 aka bayar,
Ga kowane gida, haka aka sanar,
Kuɗi bai ta da mamaci ba.

Ejura ma, 2021, ga ta,
An kashe Kaaka ɗan fafutuka, gari ya fusata,
Soja suka zo, biyu suka kwanta,
Iyayensu ba su ƙara ganin su ba.

Ba don mun fito titi ba, da har yau sunan da ke kansu ɓarayi. Diyya daban, hukunci daban.

Kawun Aboabo:
Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu dangana. Akawu, wannan karon yaro ya kayar da kai.

Tsohon Akawun Kotu, Asawase:
Na faɗi, ban musa ba.

Hajiyar Kejetia:
Ku matsa in shigo, tun ɗazu nake karantawa ina auna wa mutane atamfa.

Ku maza kun tsaya kan bindiga,
Akwai wani zalunci can ku hanga,
Bayan labule, ƙarƙashin taga,
Wanda rediyo bai faɗa ba.

A 2007 doka ta tsaya mata,
Macen da miji ya daka ya ƙuntata,
Ga DOVVSU, sashen 'yan sanda mai jin kukanta,
Amma tafiyar ba ta ƙare ba.

Wata 'yar kayayo mai ɗaukan kayana,
Daga Arewa ta zo, a rumfa take kwana,
Wani ya ɓata ta, ta rugo wurina,
Ba ta kai shekara 15 ba.

Muka kai ƙara, aka ba mu takarda,
Likita ya cike ta kafin a yarda,
Kuɗin cikewar ya kai na shadda,
Wanda ba ta taɓa riƙewa ba.

Ni na biya. Sai ga manya da yamma,
Da goro a hannu suna sallama,
Wai a bar wa Allah, mu ɗaya ne al'umma,
Kar a kai ɗan Zango gaba.

To Kawu, gugan nan wa ya huda shi?
Gwamnati kaɗai za mu ɗora wa shi?
Mu ma da ƙusa muke sukan shi,
Ni dai ban karɓi goron ba.

Limamin Ƙaramin Masallaci, Akwatia Line:
Hajiya, Allah ya saka miki. Na yi shiru ina jin kunya, don na san irin zaman nan, an sha kira na in buɗe shi da addu'a.

Hajiya, sulhu alheri ne,
A kan bashi ko iyakar fili ne,
Wanda ya ɓata 'yar mutane,
Goro ba zai wanke shi ba.

Marainiya ce ko baƙuwa ce,
A wurin Allah amana ce,
Rufa asirin azzalumi cuta ce,
Addini bai koya mana ba.

Tsohon Akawun Kotu, Asawase:
Liman ya yi daidai, doka ma haka ta ce. Yarinyar da ba ta kai 16 ba, laifin ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ne, kuma ba ya cikin abin da ake janyewa a sasanta a zaure. Masu goron nan su ma suna wasa da wuta.

'Yar Ƙungiya, Asokore Mampong:
Iyayena barkanku. Kawu ya tambaya har da ƙungiyoyi, to ga ni, a nan nake cin abinci.

Ina aikin ƙungiya, ku ji ni,
Zan faɗi namu, mai kyau da muni,
In na yi son kai ku tsayar da ni,
Ban zo wanke kaina ba.

Kusan shekara 20 ana naci,
Kan dokar neman bayani, ba barci,
Sai 2019 aka kai gaci,
Ba don nacin ba, da ba ta zo ba.

Akua Denteh, 90 shekarunta,
A Kafaba aka ce mayya ce, aka dake ta,
A 2020, har rai ya fita,
Taron da ke kallo bai cece ta ba.

Muka dami majalisa da kai-da-kawowa,
A 2023 ta yi amincewa,
Zargin maita ya zam abin hukuntawa,
Shugaba na lokacin bai sa hannu ba.

Rauninmu kuwa, kuɗin na baƙi ne,
Aikin shekara 2 ko 3 ne,
Ran da ya ƙare ofis a kulle ne,
Mai kuka bai gama kuka ba.

Taronmu a otal, can a Akra,
Da Turanci, da ruwan gora,
A ci, a ɗau hoto, rahoto a tara,
'Yar kayayo ba ta ji ba.

Wannan baitin na ƙarshe kaina na fara suka, don ni ma na zauna a irin taron, har kuɗin mota na karɓa. Mama Hajiya, abin da kika yi da kuɗin atamfarki ya fi rahotona na bara.

Hajiyar Kejetia:
'Yata, bar zuga ni, kuɗin zubin adashina ne ya tafi.

Kawun Aboabo:
Na karɓi gyara, amma akwai wata da ban fito da ita ba. Ku yaran yanzu a littafi kuka ji ta.

Na ga 1969 da idona,
Zamanin Firayim Minista Busia, ina gidan babana,
Aka ba baƙi mako 2, maƙwabtana
Suka ɗaure kaya, ba su dawo ba.

A Aboabo aka binne cibiyata,
Nan uwata ta rayu, nan ta kwanta,
Haraji na biya tun ƙuruciyata,
Wata ƙasar ban sani ba.

Jikana ya je wani ofis kwanan baya,
An ji sunansa, sai ga tambaya,
Kakanka daga ina, Nijar ko Najeriya?
Ba a tambayi Kwame haka ba.

Tsohon Akawun Kotu, Asawase:
Sashe na 17 na kundin ya hana bambanci,
Na ƙabila, addini ko talauci,
Kawu kai ƙara, ka bar ƙunci,
Shirun bai taɓa gyarawa ba.

Sai dai CHRAJ ba ta da kurkuku,
Shawara take bayarwa kan kukanku,
In an yi biris da ita har wata 3,
Kotu take zuwa, ba ta ɗaure ba.

Ka ga ke nan komai ya sake komawa layin kotu, layin da ni na san tsawonsa.

Ɗan Pragya na Sawaba:
Hukuma mai haushi babu cizo,
Ƙungiya na jiran baƙo ya zo,
Doka na saƙa kamar gizo-gizo,
Mu dai mun kai kukanmu gun Allah.

Kawun Aboabo:
Ya karya! Jama'a ku shaida. Ina "ba" ɗinka, ɗan nan? Koko da ƙosai na mutum shida, ni nawa da madara.

Ɗan Pragya na Sawaba:
Kawu da gangan na yi, na gaji da "ba" ɗin nan. Komai a ƙasar nan ba a yi ba, ba a samu ba.

Hajiyar Kejetia:
Kawu, a yafe masa kokon, ina da tarar da ta fi shi amfani.

Shari'ar yarinyar nan ranar Talata,
Sau 3 ana ɗagawa, muna zuwa da ita,
Kowane zuwa ciniki ne na ɓata,
Gajiya ce suke jira, ban gaji ba.

Ɗana, kai ka ɗauke mu da sassafe,
Akawu ka raka mu, kar mu je a rufe,
Hausarta kaɗan ce, bakinta a kafe,
Ko da mai jin Dagbanci a nan, a duba.

'Yar Ƙungiya, Asokore Mampong:
Mama, uwata Badagomba ce, na iya. Zan ɗauki izini a wurin aiki.

Tsohon Akawun Kotu, Asawase:
Zan zo. A taho da takardar likitan da duk wata takarda da 'yan sanda suka bayar, kar a bar ko ɗaya a gida.

Ɗan Pragya na Sawaba:
Hajiya na karɓi tara, na gode,
Ƙarfe 6 za ki gan ni a shirye,
Sai dai tsakiyar gari gare mu a rufe,
Tun 2023 pragya ba ta shiga ba.

Zan sauke ku inda aka tsayar da mu, ku ƙarasa da trotro, motar haya, kuɗin trotron ma ni zan biya. A ƙofar gidanki zan tsaya ko a bakin masallaci?

Hajiyar Kejetia:
Bakin masallaci. Masu goron nan layinmu ɗaya, ba na son su ga fitarta.