Tsofaffin kwamfutoci 5 na samu a Jidda, me zan ɗora musu wanda yara za su iya?

Baban Hanan, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Wajen da nake aiki sun canza kwamfutocin ofis, tsofaffin suna jibge a sito kusan shekara biyu, sai mudir, wato manajanmu, ya ce mai so ya kwasa kafin masu gwangwan su zo, na ɗauko guda 5 irin na kan tebur ɗin nan har da allonsu da kibod. Uku an rubuta Core i3 a jiki ram 4GB, biyu kuma Core 2 Duo ram 2GB. Duk Windows 7 ne a kai kuma akwai fasuwod da ban sani ba.

Niyyata in bar biyu a gida sauran in ba maƙwabta, yara su koyi taifin su riƙa shiga Madrasati, shafin karatun makarantun Saudiyya, a kai, su sakar min jawwal ɗina, wato wayata, in huta. Wani mai gyara ya ce in kawo ya saka min Windows 10, wani ɗan uwa kuma ya ce Linux, ni ko sunan ban taɓa ji ba sai ranar. Ni ba gwani ba ne, abin da za a kunna kawai ya yi aiki nake so. Kuma yaran nan a nan aka haife su, Larabci suka fi karantawa.

Mai Sukundireba, Makka

Wa alaikumussalam Baban Hanan, Allah ya saka da alheri. Windows 7 kam ka manta da shi, tun Janairun 2020 Microsoft ta daina tura masa gyaran tsaro, shi ma Windows 10 ɗin da ake ce maka wa'adinsa ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. Zai kunna zai yi aiki, amma kamar gida ne da aka sallami maigadi, kuma yara za ka ba waɗanda duk abin da ya yi walƙiya a allo sai sun danna. Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro a cikin injin, da furosesa, in na Intel ne daga jeri na 8 zuwa sama, injin da ya zo da Windows 7 ba ya cikin wannan layin.

Ni Linux Mint zan ce maka, sistem ne da ake sakawa a madadin Windows. Kyauta ne ba maganar kirak ko lasisi, kuma fuskarsa kusan irin ta Windows 7 ce, menu a ƙasa ta hagu agogo ta dama, yaro ba zai ɓata ba. Kala uku ne, Cinnamon da MATE da Xfce, kai ka ɗauki Xfce don ya fi sauƙin nauyi. Su da kansu sun ce 2GB ne mafi ƙaranci amma 4GB ake jin daɗi, da fili 20GB. Jerin Mint 22 yana da tallafi har 2029.

Yadda za ka yi, ka nemo filash mai 8GB, ka sauke fayil ɗin daga shafinsu, ka rubuta shi a filash da manhajar Rufus ko balenaEtcher, ka soka ka kunna injin kana danna F12 in Dell ne, in HP ne F9. Zai buɗe daga filash ɗin ba tare da ya taɓa komai ba, ka gwada sauti da intanet tukuna, in komai lafiya sai ka danna install ka ce ya goge had disk gaba ɗaya. Fasuwod ɗin nan da ke damunka da shi zai tafi. Amma dai ka fara tambayar mudir ko akwai abin da suke so a ciki, kar a zo ana neman fayil ɗin hisabi bayan ka share.

Abu Safwan, Riyad

Ya akhi me zai kai shi wannan dogon zance, ChromeOS Flex kawai. Na Google ne, kyauta, kana kunnawa Chrome ya buɗe halas, shi yake sabunta kansa. Madrasati da YouTube ai duk a burauza ne. Na saka wa tsohon laftof ɗin matata har yau ba ta kira ni a kansa ba.

Mai Sukundireba, Makka

Abu Safwan ba ƙarya ka yi ba amma Flex 4GB yake nema, ka ga biyun nan masu 2GB sun fita kenan. Sannan ba Play Store a cikinsa, mutane da yawa suna sakawa da zaton za su samu manhajojin Android sai su ga wayam. Kuma in gidan da data ɗin jawwal suke haɗawa, ranar da ta ƙare injin ya zama kusan kayan ado. Mint ko ba intanet akwai LibreOffice mai aiki irin na Word, ga GCompris da Tux Typing na yara in an sauke su.

Su masu 2GB ɗin gaskiya ba sistem ɗin ne zai ci ram ba, burauza ce, ka buɗe shafi huɗu biyar ka ga injin yana nishi. Mafita ka cire ram ɗin ɗaya ka ƙara wa ɗaya in irinsu ɗaya ne kuma akwai ramin sakawa, gara huɗu masu tafiya da biyar masu rarrafe. In kuma ka leƙa kasuwar tsofaffin kaya ta Haraj Sawarikh ka samu tsohon ram mai arha to, sai dai ka tafi da naka a aljihu don ram irin DDR2 da irin DDR3 ba sa shiga ramin juna. In da ɗan kuɗi kuma SSD ko mai 120GB ce ka saka a madadin had disk, wlh canjin da za ka gani ya fi na kowane sistem.

Maman Ilham, Madina

Baban Hanan ni Mint ɗin nake amfani da shi shekara ta uku kenan, ɗana ne ya saka min, kuma ni ma ban san komai ba lokacin. Maganar Larabci kar ta dame ka, a saitin za ka iya mayar da shi Larabci gaba ɗaya, ka ƙara kibod na Larabci, har na Hausa akwai mai ƙ da ɗ da ɓ.

Abu biyu ne suka ba ni wahala gara in faɗa maka. In malama ta turo takardar Word ta Larabci wani lokacin tsarin yana ɗan wargajewa a LibreOffice saboda irin rubutun da suka yi amfani da shi babu a injin, na sauke wani mai suna Amiri abin ya yi sauƙi, in za mu mayar kuma PDF muke yi. Na biyu wata tsohuwar firinta da muke da ita ƙememe ta ƙi, sai da muka canza. Kuma ka buɗe wa yaran akawun nasu daban, fasuwod ɗin babba ka riƙe a wajenka.

Baban Hanan, Jidda

Jazakumullahu khairan. Jiya bayan isha ni da babban yarona muka zauna, uku masu i3 ɗin duk sun hau Mint, ɗaya ma shi ya yi da kansa ina kallo. Core 2 Duo ɗin na buɗe su ƙura kamar an yi shekara a sahara, na haɗe ram ɗin a guda kamar yadda Mai Sukundireba ya ce, ɗayar na ajiye don kayan gyara. Saura matsala biyu, ɗaya kullum aka cire ta daga wuta agogonta sai ya koma baya har shafuka su ƙi buɗewa, sannan duk ba su da waifai ashe.

Mai Sukundireba, Makka

Agogon batirin madabod ne ya mutu, ɗan zagaye kamar kwabo, CR2032 ake ce masa, masu agogo ma suna sayarwa, ka canza wa dukansu gaba ɗaya. Waifai kuma in rauta tana kusa ka ja waya ya fi kwanciyar hankali, in ba hali ka sayi ɗan USB guda ɗaya tak ka gwada, don ba kowanne ke tashi a Linux kai tsaye ba. In ya yi sai ka koma shagon ka ƙaro irinsa sak.